Allurar da Ban Kawo wa Saratu Ba

Tun ranar da na dawo daga Ingila matan Islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce in ba ta labarin jirgi, waccan ta ce wai da gaske ne can ba a jin kiran salla. Na gaya wa mutum biyu, ta uku ta zo ta ce ba haka aka gaya mata ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Abin da na manta Allah ya yafe mani.

Wurin Uwani na je, ɗiyata ta fari, wadda ke aikin nas a can shekara huɗu ke nan. Ta haihu, hutunta ya ƙare, ta ce in zo in ga jikata. Uwani ba sunanta na yanka ba ne. Kun san yadda muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna ana sonsa. Ni kuwa na riƙe wannan kunyar har ta yi yawa. Wadda ta goya ta, ta yi mata kitso, ta kai ta makaranta ranar farko, ita ce Saratu, maƙwabciyata ta katanga ɗaya, 'yar Dabai, Kirista, matar tsohon soja. Ita ce ke kiran yarinyar da cikakken sunanta da ƙarfi daga bayan katanga, ni ina tsakar gida ina yi kamar ban ji ba.

Ana saura sati biyu in tashi, Saratu na sharar gonar dawarta, tsohon kara ya soke ta a tafin ƙafa. Tana da ciwon suga, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a silifa. Ciwon ya ƙi rufewa. Mai kemis na bakin kasuwa ya yi mata allura har sau huɗu, shiru. Ranar da na shiga yi mata sallama na same ta zaune bisa turmi, ƙafar a naɗe da tsumma.

Ta ce, "Maman Uwani, ɗauki hoton ƙafar nan da wayarki ki nuna wa ɗiyata. Ki ce ta aiko mani allurar can, mai ƙarfi, ba ruwan da wanga mutum ke ɗura mani ba."

Na ce, "Saratu, ki je asibiti mana."

"Asibiti? Da ƙafa biyu Baban Yohanna ya shiga. Ke kin ga yadda aka fito da shi."

Na gani. An yanke wa mijinta ƙafa, bai yi wata uku ba ya rasu. Na ɗauki hoton, na ce zan sa a aiko ta hannun mai zuwa.

"Ki ce kin yi alkawari."

Na ce na yi.

Surukina Nuhu, mijin Uwani, ya zo gida ganin mahaifiyarsa, sai mijina Malam ya damƙa ni a hannunsa. Muka shiga mota a tashar Zuru bayan asuba, ta Rijau, ta Kontagora. Hanyar kun san ta, ramukan ba su ƙaura ba. Wata mata mai zuwa Minna ta ji inda za ni, ta kama hannuna ta ce in tambayo mata maganin ciwon gwiwa. Ko sunana ba ta sani ba. Haka muke: da an ce gidanku akwai nas, kin zama asibiti. A Abuja muka kwana gidan yayar Nuhu, aka ba ni ɗaki mai na'urar sanyi, na kasa kashe ta, na kuma ji kunyar tambaya. Da mura na shiga jirgi.

Abin da ya fi ba ni wuya a jirgin ba tsoro ba ne. Kujerata manne take da ta surukina. Awa shida da wani abu! Aka kawo abinci, ƙamshi na tashi, cikina na kuka, amma ta ina zan buɗe baki in tauna gaban mijin ɗiyata? Shi ma bawan Allah ya kasa taɓa nasa. Ma'aikaciyar jirgin ta dawo sau biyu tana tambaya ko ba mu da lafiya. Daga ƙarshe ya miƙe ya ce zai ɗan miƙe ƙafa, ya je can baya ya tsaya ya ba ni baya. Allah ya yi masa albarka. Na cinye har da biredin.

Da muka sauka, aka duba fasfo, wani jami'i ya tambaye ni yaushe zan koma. Na ce masa da Turancina na sakandare cewa mijina na jirana, ya yi murmushi ya buga hatimi. Wurin 'yan kwastan ne aka yi abin. Wani ƙaramin kare ya nufo jakata yana shinshina, na tattare hijabina ina ja da baya ina a'uziyya. Kilishin da Malam ya saya wa Uwani ya jiyo. Wai ba a shiga ƙasarsu da nama. Wata jami'a mai lulluɓi ta yi mani sallama a hankali, ta ba ni haƙuri, sannan ta jefa kilishin cikin kwandon shara ina kallo. Na ce mata ai ita Musulma ce, ta ɗauka ta ci mana kada ya lalace. Ta ce aikinta bai ba ta wannan ba. Daddawa da kuka da garin dawa dai suka tsira.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa garin da su Uwani suke, can arewacin Ingila. Uwani na tsaye bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. Ta rame, ta yi haske. Ta durƙusa ta ce, "Inna, sannu da hanya." Na ce, "Yawwa. Mun same ku lafiya?" Na karɓi jaririyar na rungume ta, na yi ta kiranta ƙawata, na yi mata duk abin da hannuna ke son yi wa uwarta.

Gidan siriri ne, ɗaki bisa ɗaki, ba tsakar gida. Alƙibla sai waya ta nuna. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi, na yi ta leƙen taga ina jiran magariba kamar mai azumi. Kiran salla kuwa, gaskiya ne, daga waya yake fitowa. Washegari na kunna turaren wuta don in kori ƙamshin baƙunta, sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ƙara kamar za a tashi duniya. Nuhu ya fito da gudu yana fifita shi da tawul, wai na'urar gargaɗin gobara ce, hayaƙi ta ji. Maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya mai zama ita kaɗai da kyanwa, ta leƙo ta shinge tana kiran Uwani. Da sunanta na yanka ta kira ta, a karkace, amma shi ne. Na tsaya da kaskon turare a hannu. Rabon da in ji wannan sunan a bakin wani tun Saratu.

A ranar, bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka, na miƙa wa Uwani wayata. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta buɗe shi da yatsu biyu.

"Inna, na yaushe ne wannan?"

"Kwana huɗu. Ta ce ki aika mata allura mai ƙarfi. Na yi mata alkawari."

Ta ajiye wayar a hankali. "Inna, ba zan iya ba."

Na ɗauka tsada take nufi. Na ce Malam zai ji da wannan.

"Ba shi ba ne. Ni nas ce, ba ni rubuta irin wannan magani, ba a ba ni izininsa ba. Ko likitan ma ba zai rubuta daga hoto ba. Sai an taɓa ƙafar, an gwada jininta, an ga inda ciwon ya kai. Wannan baƙin da ke gefen yatsa, asibiti yake so, yau ba gobe ba."

"Asibitinku ba magani ne cike da ɗaki ba?"

"Kowace ƙwaya da sunan mai ita. In na ba mutum, in sa hannu a ƙasa."

Na ce, "Matar da ta goya ki ce fa."

Ta ce, "Na sani, Inna." Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Nan take ta kira Saratu ta waya mai hoto. Saratu na ganinta ta hau guɗa, tana kiran sunanta, tana cewa a nuna mata jika. Uwani ta bari ta gama, sannan ta shiga tambaya: akwai zazzaɓi? Yana wari? Ja ya fara hawa sama? Duk Saratu ta ce e, kaɗan. Uwani ta ce, "Mama, in na aiko maki allura na cuce ki. Ki je asibiti yau. Ƙawata da muka yi makaranta tare tana can, zan kira ta ta tarbe ki, ta kai ki gaban likita."

Fuskar Saratu ta canza. "To. Kin zama Baturiya. Na gode." Ta kashe. Kwana uku ba ta ɗauki wayar kowa ba.

Zan faɗi abin da na yi, ko da za ku yi mani dariya. Rana ta uku, Uwani na wurin aiki, na goya ƙawata jaririya da zani, na fita neman kemis. Turawa suka yi ta waiwayen goyon, wata har ta tsayar da ni tana tambayar ko ba za ta faɗo ba. Na sami kemis ɗin, na nuna wa mutumin hoton, na ce ina son maganin kashe ƙwayar cuta, mai ƙarfi. Ya ce ina takardar likita? Na ce mai ciwon na Nijeriya. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba zai iya ba, kuma wannan ƙafar a kai ta asibiti da gaggawa. Na fito raina a ɓace. A bakin kasuwarmu da tuni an naɗe mani a leda, har da tambayar ko in ƙara na ciwon kai. Na ce a raina mutanen nan duk bakinsu ɗaya, ba su da tausayi, kuma sun koya wa ɗiyata.

Da la'asar Uwani ta dawo cikin shuɗin kayan aiki, katin sunanta rataye a ƙirji. Nuhu ya riga ya gaya mata inda na je. Ta zauna ƙasa kusa da ƙafata, ba ta ko cire takalmi ba.

"Inna, kin tuna Gwaggo Hanne ta Bena?"

Na tuna. Ƙanwar Malam ce. Ta zo mana kwana biyu zazzaɓi ya kama ta, lokacin Uwani ba ta fi wata biyar da fara aiki a Zuru ba. Ni na aika aka sayo allura a kemis. Uwani ta ce a kai ta asibiti, na ce mi ye amfanin karatun naki in baƙuwa za ta kwanta a gidan ubanki ki kasa yi mata allura ɗaya? Ta yi. Kafin a wanke hannu fuskar Hanne ta kumbura, numfashi ya sarƙe, a kan mashin aka ruga da ita. Allah ya kiyaye, ta tashi. Ni iyakar abin da na riƙe ke nan: Allah ya kiyaye.

Uwani ta ce, "Washegari babbar sista ta kira ni ofis. Ta ba ni takarda ta ce in rubuta abin da na yi da hannuna, in sa suna. Ta ce wa ya rubuta maganin? Na ce ba kowa. Ta ce wa ya sa ki? Na ce ni na sa kaina."

"Ai ni na sa ki."

"Hannuna ne ya riƙe allurar, Inna. Ke ba ki san abin da zai iya faruwa ba. Ni an koya mani, na sani, na yi. Wata shida ban taɓa sirinji ba sai da wata sista tsaye a kaina. Saura kaɗan a karɓe takardar aikina."

Wata shida. Ina ba ta abinci kullum a gidan nan namu, tana cewa aiki lafiya lau.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

Ta yi ɗan murmushi. "Ni da ke muna irin wannan hirar?"

Idona na kan katin da ke ƙirjinta. Sunan da ubanta ya raɗa mata, wanda bakina bai taɓa furtawa ba, ga shi da manyan baƙaƙe inda kowa zai karanta. Shi ta rubuta a ƙasan waccan takarda ita kaɗai, tana da shekara ashirin da biyu, don ta rufa mani asiri. Kullum a Islamiyya ana gaya mana kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi amana. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai masu amsa irin wannan tambayar tun a duniya, da biro, kowace rana ba.

Ta ce, "Abin da ke hannuna zan yi wa Mama shi duka. Zan kira, zan bi likitan da tambaya, zan koya mata yadda za ta kula da ƙafar. Amma ba za ta je ba muddin tana jiran allurar da kika ce za ki aiko. Ke take jira, Inna, ba ni ba."

Na yi alwala na yi raka'a biyu. Sannan na kira Malam na ce ya shiga gidan Saratu da wayarsa ya miƙa mata, don ba za ta iya ƙin karɓa daga hannunsa ba.

Na ce, "Saratu, ni ce. Alkawarin nan na karya shi."

Na ci gaba kafin ta katse ni.

"Na yi maki alkawari da abin da ba nawa ba. Allura ba ta zuwa, ko yau ko wata mai zuwa. Ki yafe mani, ko kada ki yafe, amma ki tashi Malam ya kai ki."

"Ke ma sun saye ki da shayi da biredi?"

"Ko kilishina sun ƙwace, mi za su saye ni da shi? Saratu, Baban Yohanna wata nawa ya yi a gida kafin ya yarda a kai shi?"

Na ji numfashinta. Can ta ce, "Biyar."

"Ke yau sati uku."

Ta yi kuka, na yi kuka, Malam na gefe yana ta gyaran murya. Ta ce sai dai in matar ɗanta Yohanna za ta bi ta, kuma ba ta hawa mashin. Malam ya samo mota.

Sati biyu Saratu ta yi a kwance a asibiti. An cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Kullum Uwani ta dawo aiki sai ta kira ƙawarta ta ji abin da likita ya ce, ta rubuta a ɗan littafi. In matar Yohanna ta kira ta ce ko a ƙara ƙwayar suga, Uwani ta ce, "Wannan ki tambayi likitan da ya gan ta. Amma kawo in nuna maki yadda ake ɗaga ƙafar bisa filo." Saratu dai ba ta yarda ta yi magana da ita ba ko sau ɗaya.

Sauran kwanakina suka wuce da goyo da wanke-wanke. An kai ni masallacin Juma'a inda na yi sahu da matan ƙasashen da ban san sunansu ba. An kai ni bakin teku, iska ta kusa tafiya da hijabina. Baturiyar nan ta aiko mani da wani kek, na aika mata da tuwo, ta dawo da kwanon a wanke ta ce kyanwarta ma ta yaba. Ranar tafiya Uwani ta raka ni har inda ake tsayar da masu rakiya. Ta ba ni ƙunshi ta ce na Mama ne. Ta durƙusa ta ce, "Inna, a yafe mani." Na ɗora hannuna bisa kanta. Ban saba ba, ita ma ba ta saba ba, muka tsaya haka har wani mai tura kaya ya ce mu ba shi hanya. Sunan ya zo har bakina. Na ce, "Allah ya yi maki albarka," na juya.

Na iso Zuru dawa ta kai gwiwa. Ko jakata ban kwance ba na zagaya. Saratu na zaune bisa turmin nan, ƙafar a naɗe da farin bandeji. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yan Ingila. An yi fari."

Na miƙa mata ƙunshin. Takalmi ne mai taushi, mai faɗin baki, da ɗan madubi mai mariƙi, da takarda. Ta juya madubin. "Wannan fa? Kwalliya zan yi da yatsu takwas?"

Na karanta mata takardar. Uwani ta ce kowace safiya a duba tafin ƙafa da madubin, tsakanin yatsu ma, tunda ƙafar ba ta jin ciwo, ido ne zai ji mata. A wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane sosai. Kada ta sake taka ƙasa ba takalmi, ko zuwa bayan gida. In an ga ja ko ƙuje, a tafi asibiti a ranar. A ƙarshe ta rubuta: "Mama, da ina gida da ni zan riƙa wanke maki." Ta sa hannu da cikakken sunanta, yadda take sawa a wurin aiki. Da na zo nan na tsaya.

Saratu ta ce, "Ƙarasa mana."

"Ya ƙare."

"Ƙarya kike, na ga rubutu a ƙasa." Ta karɓe takardar, ta kai ta kusa da ido, ta karanta sunan da ƙarfi, irin yadda take kiransa ta bayan katanga. Sannan ta goge fuska da bakin zani ta ce, "Ja'irar yarinya. Ni da ma ba allurar ce ta dame ni ba. So nake a ce daga hannunta wani abu ya zo."

Yanzu kullum in na idar da azkar na safe sai in zagaya. Idon Saratu ba ya gani sosai, ni ke riƙe madubin. In wanke mai lafiyar, in tsane, in sa mata takalmi. Mai bandejin ba na taɓawa, ta nas ɗin asibiti ce, ranar Litinin da Alhamis. Masu aiko mani da saƙon ko na zo da maganin Turai, ku yi haƙuri, ban zo da shi ba, kuma ba zan sa a aiko ba.

Takardar na nan cikin Littafi Mai Tsarki na Saratu. Wani lokaci in mun gama, sai in ce mata na manta ko ruwan ɗumi aka ce ko na sanyi. Ta san ban manta ba. Sai ta ɗauko, ta bi layi-layi da yatsa a hankali, har ta kai ƙasa, inda sunan yake.